Na Rubuta "Lafiya Lau" Alhali Jikina Na Ruɓewa

Assalamu alaikum, 'yan uwa da abokan arziki. Wata huɗu ke nan ban ce uffan a nan ba. Waɗanda suka kira ban ɗauka ba, ku yafe mani. Wayata lafiyarta lau, kunya ce ta rufe mani baki.

Shekara shida ke nan ƙafafuna ba sa aiki, tun faɗuwar da na yi a babur a hanyar Rawayau. Daga ƙugu zuwa ƙasa ba na jin komai. Ina zaune a Kurfi wurin ɗiyata Hassana. Mijinta Lawal ke yi mani wanka, ita kuma ke juya ni a kan gado idan ya tafi kasuwa.

Da cikinta ya tsufa, aka hana ta ɗaukar abu mai nauyi. Sai aka kai ni wani gida a Dutsin-Ma inda ake ajiye masu lalura irin tawa na ɗan lokaci, don masu jinyarsu su huta. Aka ce wata biyu.

Mu tara ne a ɓangaren maza. Da lokacin roron wake ya zo, ma'aikata suka riƙa sulalewa gona, aka bar mutum ɗaya. Abinci na zuwa. Juyawa ce babu. Yadda aka kwantar da ni da safe, haka la'asar ke iske ni.

Abin da na fara lura da shi, wandona na jiƙewa ta baya. Na kai hannu na ji fata ta saɓule. Ba zafi. Na ja bargo na rufe.

A makon nan ne wata Hajiya ta zo, ma'aikaciyar da ke zagayen duba irin waɗannan gidaje. Sa'ar Hassana ce. Ta tsaya a kaina ta ce, "Baba, yaya jiki? Akwai inda ke damunka?"

Na ce, "Da sauƙi, alhamdulillahi."

Yaya zan kware wa sa'ar ɗiyar cikina mazaunaina? Kuma na san idan magana ta kai Kurfi, Hassana za ta ce a maido ni, ta koma cicciɓata da tsohon ciki.

Hajiya ta fito da takarda ta ce wa ya iya rubutu, ya rubuta yadda ake kula da mu. Ni kaɗai na iya. Da furfurata na shiga ajin yamma na manya, kuma ba na ɓoye alfaharina da wannan. Na karɓi biro, na gyara zama, na rubuta da kyakkyawan hannu: "Muna lafiya lau, ana kula da mu." Har yaba rubutun ta yi. Har daɗi na ji.

Da bakin mutum tara na yi wannan rubutu, ban tambayi ko ɗaya ba.

Kwana goma bayan nan zazzaɓi ya rufe ni. Malam Isiya, wani makaho daga Ɗantutture da ke gadon kusa da ni, ya ce, "Malam Bature," haka yake tsokanata saboda biro, "idona ne ya mutu, hancina na nan. Wani abu na wari a gadonka, kuma ba ɓera ba ne."

Na ce ya rufa mani asiri.

Ya ce, "Asirin da ƙuda suka riga suka sani?"

Shi ya lallaba da sandarsa har bakin titi, ya sa mai shago ya kira Lawal.

A asibiti likita ya ɗaga zane ya duba. Sai ya ce, "Baba, gyambon kwanciya ne, ya kusa ƙashi, kuma ya fara shiga jini. Da an ƙara kwana uku, wata maganar za mu yi."

Aka ɗebi jini, aka auna sukari, aka ɗaura ruwa. Sau biyu ana yanke ruɓaɓɓen nama. Wankin ciwo kullum safe, allura safe da yamma, juyi duk bayan awa biyu. Lawal ya sayar da tumakinsa biyu. Mazaunan da na ɓoye wa mutum ɗaya, sai da ma'aikatan ɗakin kaf suka gan su.

Na ji tsoron mutuwa. Amma abin da ya fi ci mani rai, ranar da aka shigo da Alhaji Mamman, wanda gadonsa ke ƙarshen ɗakinmu a can gidan. Ba ya iya magana tun da ɓarin jikinsa ya shanye. Nasa gyambon ya fi nawa. Ni ne na rubuta cewa yana lafiya lau.

Ina kwance rub da ciki Hassana ta haihu. Ina kwance aka yi suna.

Hajiya ta zo duba ni. Na kasa haɗa ido da ita. Ta ce, "Baba, laifin ba naka ba ne kai kaɗai. Takarda na duba, ban duba mutum ba." Na roƙi wata takardar. Na rubuta komai, shafi uku, ina rub da ciki, rubutun duk ya karkace. Yanzu na ji ba ta sanar da ranar zuwa, kuma da ma'aikaci namiji take tafe, ya ɗaga zane ya gani da idonsa.

Alhaji Mamman na nan da rai, amma har yau ba a sallame shi ba. Ku sa shi a addu'a.

Ni kuwa jiya na dawo gida. Ciwo ya cike. Aka ɗora mani jikana a cinyar da ba ta ji, sai na ce a matso mani da shi ƙirji. Sunana aka sa masa! Na yi ta dariya ina hawaye, har Hassana ta ce, "Baba, za ka tada shi."

Na gode wa Allah, na gode wa likitoci, da Lawal, da Malam Isiya mai hanci.

Idan kun kai naku irin wannan gida, ku riƙa zuwa ba sanarwa. Ku tambaya mutum nawa ke aiki a ranar. Ku juya shi ku duba bayansa da diddigensa, namiji ya duba namiji, mace ta duba mace. Idan tsoho ya ce maku "da sauƙi", ku amsa masa da ladabi, sannan ku ɗaga bargon.