Notunan da Na Ƙara Ɗaurewa

Tsufa ya fara kwashe mini abubuwa, amma ban taɓa mantawa da Litinin ɗin da na kashe wa Ladi batura shida da hannuna ba.

Kafin a ɗauke ni mai kula da kayan aiki a wani ɗakin bincike a Bosso, na daɗe ina cajin batirin mota a Barkin Sale. A sana'ar tamu doka ɗaya ce: kan batir in bai ɗauru tamau ba, mota ba ta tashi.

Ladi ɗaliba ce mai neman digiri na uku, tana haɗa batir marar ruwa. A madadin ruwan, ɗan faifan tangaran ne kamar kwabo, a manna masa ƙarfen lithiyam. Sunansa ƙarfe, amma wuƙa na yanka shi kamar sabulu. Ba ya son iska, ba ya son laima, sai a cikin akwatin gilashi ake taɓa shi. In an gama haɗawa, a sa shi cikin mamatsi mai noti huɗu.

Ran nan ina goge tebur, na taɓa notunan mamatsan da baturanta shida ke ciki, na ji ba su ɗauru tamau ba. Na ɗauko sufana na bi su ɗaya bayan ɗaya. A raina taimako na yi.

Zuwa Laraba duk baturan sun mutu. Saura wata biyu ta miƙa aikinta, lithiyam ɗin da ya rage kuma na haɗi ɗaya ne, sabo sai daga ƙasar waje. Dakta Ndagi, mai duba aikinta, ya ce ƙila faya-fayanta ne ba su gasu ba. Ta zauna tana hawaye, ni ina ba ta haƙuri kamar ba ni ba. Wannan shirun nake jin kunyarsa har yau.

Ranar Juma'a na dawo daga masallaci na tarar tana shirin zubar da sauran faya-fayan.

"'Yata, dakata. Faya-fayanki ba su da laifi. Ni na ƙara ɗaure notunan."

Ta dube ni. "Baba Caji! Zagaye nawa?"

"Biyu-biyu."

"Ka tabbata?"

"Hannuna bai taɓa ruɗa ni ba."

Ina jiran zagi, sai na ga ta jawo littafi tana rubutawa. Daga baya Dakta ya zaunar da ni ya yi mini bayani: in an sassauta, lithiyam ya rabu da faifan, in an matse da yawa, ya kutsa cikin tsaga kamar saiwa, ya ɓullo ɗaya gefen, batir ya mutu.

"Malam Sule," ya ce yana dariya, "wannan ba tirela ba ce."

Haɗin ƙarshe ya yi aiki, ta kuma gama a kan lokaci.

Ku da kuke shigowa aikin nan yanzu, ku riƙe wannan. Masu bincike ba sa gudun ɓarna. In ka faɗe ta, rubuta ta za su yi su ƙaru. Wadda ka ɓoye ce take cinye wa ɗiyar wani shekarunta.