Takardar da Baba Ya Sa wa Leda

Ta-ɗaya ake ce mata a layinsu, don tun daga firamare ba ta taɓa zuwa ta biyu ba. Mahaifinta yana da ɗan shagon kwafin takardu a bakin titi, injin kwafi ɗaya da na sa wa takarda leda. Mutumin nan fa kome ya shiga hannunsa sai ya sha leda: takardar haihuwa, katin rigakafi, har takardar bayanin fanka. Yayanta kan ce ranar da Baba ya samu babbar leda, su ma sun shiga. Sakamakon jarrabawarta kuwa duk yana jere a bangon shagon, yana ƙyalli.

Ƙaramar jami'ar garinsu ta fara shiga, da niyyar in ta shekara biyu ta nemi canji zuwa babbar nan da ba ta ɗaukar kowa sai wanda ya isa. Shekarar farko ta tafi sumul. A ta biyu ciwo ya kwantar da Inna, mahaifiyarta. Wata huɗu Ta-ɗaya tana tsakanin aji da gadon asibiti, ta juya ta, ta wanke ta, har Allah ya karɓi abarsa. Darasi uku ta faɗi. Ba ta gaya wa kowa ba, ba kuma wanda ya tambaya.

Tun daga nan ta zama wata iri. A ba ta abinci ta ci, a ce tashi ta tashi, ba kuka ba dariya. Wata malamarta ce ta matsa mata ta cike fom ɗin canjin.

"Makinki na farko zai iya ɗaga ki," in ji malamar. "Amma bana ce kawai, daga aji uku ba sa karɓa."

Sharaɗi ɗaya ne mai tsauri: sakamako ya zo a rufaffen ambulan, da hatimin makaranta a bakinsa. Mako uku ta yi tana sintiri kafin a ba ta, ana gobe rufe karɓa. Ta ajiye shi a teburin shago, ta tafi ɗaukar hoto. Da safe Baba ya miƙo mata sabon fayil.

"Na shirya miki kome, Uwata. Allah ya ba da sa'a."

Ko buɗewa ba ta yi ba. Ta yi awa uku a mota, ta bi layi, ta tura fayil ta tagar ofis. Matar ofishin ta zaro takardar, ga ta tana sheƙi, an yanke gefenta tsaf.

"Ikon Allah! Ina ambulan ɗin?"

Ta-ɗaya ta leƙa cikin fayil ɗin, babu shi.

"Wanda aka buɗe ba ma karɓa, 'yar nan. Balle wannan da aka ɗaure wa leda. Yau ƙarfe huɗu muke rufewa."

"To," Ta-ɗaya ta ce. Shi ke nan abin da ya fito daga bakinta. Ta jira ta ji zafi, ba ta ji ba, sai yunwa.

Da la'asar ta iso shago. Baba yana goge gilashin inji da tsumma, ya ɗago yana murmushi. Ta gaya masa yadda aka yi kamar mai karanta sanarwa. Tsumman ya faɗi daga hannunsa. Ya zauna a kan kwalin takarda.

"Gefenta na ga ya lanƙwashe," ya ce. "Na ce kada ta lalace a hanya. Ashe ni zan lalata miki."

"Ba kome, Baba."

"Da kome." Ya karɓi takardar, ya ɗora yatsa a layin ƙasa, inda darussan ukun suke. "Na karanta, tun jiya. Ina shagon nan ina nuna wa mutane bango, ke kina can kina wanke uwarki. Ko sau ɗaya ban ce miki yaya karatu ba."

Ya jawo kujera ya hau, ya buga ƙusa a saman sauran, ya rataye ta.

Ta-ɗaya ta tsaya tana kallon faɗuwarta a bango, inda kowa zai gani. Kukan da ba ta yi ba ranar jana'iza ya zo mata nan a tsaye, ga wani mutum a bakin ƙofa yana jira a yi masa kwafi.