Kano Zuwa Jidda Kafin Tuwon Dare

Shekarar da ta biyo bayan sauke tutar Turawa, maigidana ya ce zai tafi Makka, kuma ta jirgin sama.

A Bagudo ta wancan zamani, Makka ba wurin je-ka-dawo ba ce. Mahaifin maigida da ƙafa ya tafi, ta Barno, yana noma a hanya don guzuri, kuma ko takalminsa ba a sake gani ba. Shi ya sa al'ada ta ce mai niyya ya sallami matarsa kafin ya fita, kada a bar ɗiyar mutane da igiyar aure shekara da shekaru. Ni kuwa ɗiyar Dandawa ce, gidanmu yana ƙetaren iyaka, ƙasar Dahome. In an sallame ni, can zan koma, ɗana da na yaye ya zauna hannun kakarsa.

Baffan maigida ya kira ni zaure. Na durƙusa.

Ya ce, "Ɗiyata, ba ƙi ba ne, tausai ne. Tahiyar Gabas ba ta da ranar dawowa."

Na ce, "Baba, a yi mini haƙuri har kasuwar Zagga ta ci."

Na ji labarin wani alhaji mai goro a can, wanda ya hau jirgin bara. Ranar kasuwa na goya ɗana, na kama hanya. Na same shi yana yayyafa wa goro ruwa, na gaishe shi, na ce ba saye na zo ba, tambaya ce: Kano zuwa Jidda, wata nawa?

Ya yi dariya har haƙorin Makkansa ya fito. Ya ce, "Wata? Baiwar Allah, koko na sha a Kano, tuwon dare a Jidda. Har mun tsaya ƙasar Sudan jirgi ya sha mai."

Na ce ya rantse. Ya rantse.

Da na dawo na koma gaban Baffa, dattawa na zaune. Na ce, "Baba, yau na je Zagga na dawo, rana ba ta faɗi ba. To haka Kano da Jidda suke ga mai jirgi. An taɓa sakin mace don mijinta ya tafi cin kasuwar Zagga?"

Wani tsoho ya ce, "Ji Dandawa da baki!"

Na ce, "Bakin ne ya kai ni inda aka sani, Baba."

Maigida dai kansa na ƙasa, amma na ga gemunsa na rawa, yana danne dariya. Baffa ya ce to, in gero ya shiga rumbu bai dawo ba, magana ta dawo sabuwa. Na ce na yarda.

Maigida ya tafi gab da ruwan shuka. Ni da ƙannensa muka shuka gonar, Inna, uwar maigida, kuwa kullum tana kallona kamar baƙuwar da ta ƙi tafiya.

Gero bai kai ƙugu ba muka ji guɗa daga bakin gari. Ya sauko daga mota ya rame, yana cewa duk tafiyar ba abin da ya karya masa baya irin motar Kano zuwa gida. Ni na kai masa ruwa a zaure, a gaban Baffa.

Daga kaina ba a sake sallamar mace don tafiyar Makka a unguwarmu ba. Ɗakin da aka so in fita, ga ni a cikinsa, jikokina sun hana ni miƙe ƙafa.