Abin da Inna Ta Binne a Gindin Dogonyaro

Warin albasa ne ya cika gidanmu ranar, don Baba ya jibge buhunan da zai ƙetare da su daga Illela zuwa Konni ta Nijar a zaure. Ranar ce kuma aka dawo da Goggo, ƙanwarsa, daga asibiti a Sakkwato bayan an cire mata ƙarin sankara a mama.

Baba ya shigo da wani ɗan abu a leda, bai kai kwalin ashana ba. Kaki ne fari irin na kyandir, da ɗigon abu ruwan ƙasa a tsakiya. Ya ce guntun naman da aka yanko ne, likita ya ce a adana. Na ɗaga shi a hasken rana ina juyawa, ina mamakin yadda wannan ɗan abin ya kwantar da mace kamar Goggo. Baba ya jefa shi a aljihun gaban motarsa, inda yake ajiye takardu.

Inna, kakarmu, ta ga inda ya jefa shi. Washegari ta sa aka ɗauko mata shi, ta naɗe a farin ƙyalle, ta sa a gwangwanin madara, ta binne a gindin dogonyaron bayan ɗakinta. A wurinta duk abin da ya fito daga jikin ɗan Adam, ko farce ne, ƙasa ake ba.

Ana tsakiyar bazara likita ya kira. Ya ce za a aika da kakin wani ɗakin bincike a karanta ƙwayoyin halittar ƙarin. Sankara iri-iri ce, kowace da maganin da take ji, kuma in ba a karanta ba sai dai a yi wa Goggo na lalube.

Baba ya zazzage motar nan kaf.

"Mi kake biɗa, kana ta watsi da takardu?" in ji Inna.

"Abin asibitin nan, Inna."

"Na rufe shi. Naman ɗiyata za ka yi ta yawo da shi tsakanin Illela da Konni kamar goro?"

Goggo ta yi dariya har ta dafe ɗinkinta. "To Inna, kin yi mini sallah ko haka nan kika rufe ni?"

Ni na tono shi da cokali, Inna na tsaye tana nuna mini wurin da ƙafa. Ƙasar ta yi sanyi a hannuna. Kakin bai ko tsage ba.

Da sakamakon ya zo, aka ce nata irin yana jin wata ƙwaya da ake sha kullum. Har yau tana sha da kunun safe.

Sai da na shiga jami'a, ina koyon yadda kwamfuta ke kwatanta ƙwayoyin halittar wani ƙari da na wasu, na san cewa zafi yana lalata abin da ake karantawa a cikin kakin, kuma motar da ta wuni a ranar bazara tana iya narkar da shi.