Burtalin da Buba Ya Auna

Shekara arba'in da shida ke nan da rasuwar abokina Buba. Na so in yi wannan waiwaye yadda aka saba, in yabe shi, in yi masa addu'a, in ajiye biro. Sai ga wayar ɗansa Sale daga gida a watan jiya, ta hana ni sakat. Wani mai hali ya kewaye gonarsa da shingen waya, ya toshe burtalin da shanunsu suke bi zuwa kogi. Mai gonar ya ce burtali bai taɓa bi ta nan ba. Hakimi ya ce a kawo shaida wanda ba ɗan rugar ba, kuma ba ɗan gidan mai gonar ba.

"Baffa," in ji Sale, "Inna ta ce kai ka riƙe wa Baba igiyar awo ranar da ya auna shi. Kai kaɗai ka rage."

Ni na riƙe kuwa. Amma bari in faro daga Landan, don a can abin ya samo asali.

Mun haɗu a Bloomsbury lokacin da kuɗin mai suka sauko mana, gwamnati tana turo ɗalibai jirgi-jirgi. Shi yana karatun safiyo, ni ina karatun mulki. Shi Bafulatani ne ɗan ruga, ni Babarbare haihuwar Kano, saboda haka ko gaisuwa ba ma yi sai da tsiya. In alawus ya zo, mu sai mu sayi rediyo mai kaset da wando mai faɗin ƙafa da takalmi mai tudu. Buba kuwa sai ya sayi taswira da takalmin sojoji da wani tsohon keke mai kuka. Na ce masa, "Bawana, an kawo ka birnin Sarauniya kana neman daji?" Ya ce, "Kai dai biyo ubangidanka ka ga duniya."

Hutun hunturu na shekararmu ta biyu ya ja ni can arewa, tsaunukan Scotland. Wallahi har yau ban san abin da ya sa na yarda ba. Muka sauka daga jirgin ƙasa a wata tasha da ba kowa, ko'ina fari fat, iska kamar ana yanka kunne da reza. Turawa suna ta sulalowa daga kan tudu a kan wasu dogayen katakai da suka ɗaura a ƙafa. Buba ya ari na wani ya gwada, bai yi taku goma ba ya kife, ƙafafu sama. Na yi dariya har da hawaye, hawayen suka daskare mini a kumatu.

Washegari muka kama wata hanyar ƙafa da ta ratsa tsakanin duwatsu. Ƙanƙara ta rufe ta, amma an kafa dogayen sanduna jefi-jefi, inda babu sanda an tara duwatsu, don haka ba ka ɓata. Can muka iso shingen wani makiyayin tumaki. Hanyar ba ta kauce ba. An yi wa shingen ɗan tsani na katako, ka taka ka tsallaka ka ci gaba da tafiya ta tsakiyar filin mutum. Buba ya tsaya yana kallon tsanin nan kamar ya ga aljani.

Mai filin, wani tsoho mai jan hanci, ya fito da karensa. Buba ya tambaye shi ko shi ya yarda a bi masa ta fili. Tsohon ya ce shi da son ransa ne da ya toshe tun tuni, amma hanyar ta girmi kakansa. Shanu ne suka yi ta, lokacin da ake koro su daga tsauni zuwa kasuwannin kudu. Shanun sun daina bi, amma an sa ta a taswira, kuma muddin mutane suna taka ta, ba mai ikon rufe ta.

Buba ya juyo ya dube ni. "Ka ji? Burtali ne. Burtalin Turawa muke bi tun safe!" Ya zauna a kan tsanin cikin sanyin nan. Da ya tashi sai ya ce, in mun koma gida zai auna na mahaifinsa, daga ruga har kogi, ni kuma tunda ofis zan zauna, sai in sa a buga masa hatimi a kafa turaku. Na ce masa wannan ai ƙaramin abu ne. Ni lokacin yatsun ƙafata kawai nake ji.

Mun koma, kuma ya cika nasa. Wata Asabar bayan kaka ya ɗauke ni a babur zuwa rugarsu. Muka yini muna awo. Yana gaba da littafinsa, yana kiran sunan kowace bishiya da kowane kwari, ina baya da bakin igiya. Na sa sabon takalmi na Italiya ranar. Abin da nake kallo ke nan tun safe har la'asar, kada ƙaya ta karce shi, kada in taka kashin shanu.

Bayan mako biyu ya kawo mini zanen a ofishin filaye inda aka ba ni kujera, an yi shi tsaf da jar tawada da baƙa. Na sa a tire na ce gobe. Ku da ba ku ga shekarun nan ba, ba za ku gane ba. Kowa yana gudu, ana raba filaye, ana yanka tituna, ana shigo da siminti, ni ina jiran sabuwar motata. Wa yake ta hanyar shanu? Sau uku Buba yana zuwa, sau uku ina ce masa gobe, yana dariya yana cewa Babarbare ba ya aiki sai da bulala. Kafin zuwa na huɗu tanka ta bi ta kansa a sabuwar kwalta. Sale yana goye a lokacin. Aka yi mini canjin wurin aiki, zanen kuma ban sake ganinsa ba. Na sa an nema daga baya, an ce gara ta cinye ɗakin ajiyar gaba ɗaya.

Yanzu ina Thamesmead a Landan wajen 'yata, gwiwa ta kawo ni asibiti ta zaunar da ni. Ta tagar benenmu ina ganin hanyar bakin kogi, masu keke da masu gudu, an shafa mata fenti, an kafa mata alluna. Nakan tambayi kaina me Buba zai ce da ya ga yau. Da ya ga yadda ake zubar da jini a gida kan hanyar da saniya za ta bi ta sha ruwa, ba na jin zai yi mamaki. Ya hango shi tun yana zaune a kan tsanin nan. Ina jin ni zai kalla, kuma ba zai yi tsiyar da ya saba ba. Wannan ne yake ci mini rai.

Ranar zaman, Sale ya kira ni, aka sa wayar a gaban Hakimi. Tambaya ɗaya ce. Akwai wata tsohuwar tsamiya da har yanzu tana tsaye. In burtalin ya bar ta a hannun dama in an nufi kogi, to shingen mai gona ya hau kansa, sai a cire. In a hagu ne, shi ke nan. Kuma zan rantse da Alƙur'ani.

Na rufe ido. Ina ganin sandunan Scotland ɗaya bayan ɗaya, ina ganin karen tsohon nan, fari da baƙi. Tsamiya kuwa babu ita. Na tono, na tono, ba abin da yake fitowa sai takalmi mai ruwan ƙasa. Zuciyata ta ce in ce dama kawai, wa zai ƙaryata ni? Ina jin numfashin mutane ta cikin wayar, suna jira.

Sai Sale ya ce, "Baffa, ka tuna?"

Na ce, "Sale, ban duba ba."

Ya ce, "To kada ka rantse, Baffa. Allah Ya ƙara lafiya." Ko muryarsa ba ta canza ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Abin da ya rage na Buba ke nan da na iya ganowa: ya bar ɗa wanda ya gwammace ya rasa hanyar ruwa da ya sa tsoho ya yi rantsuwar ƙarya. Aikin hannunsa kuwa ni aka ba ajiya, kuma kun ji yadda na yi da shi. Allah Ya jiƙan Buba, Ya sa ya huta, ni kuma Ya yafe mini.

Talatar da ta wuce Sale ya kora rabin garken zuwa kara ya sayar. Ya ce sauran ma ba za su kai bazara ba.