Masar da Ban Gani Ba

Shekarun baya, tun jirgin ƙasa bai iso Gusau ba, na sauke littattafan da ke wurin malaminmu a 'Yandoto, sai zaman gida ya gagare ni. Ina ɗan shekara ashirin da 'yan kai, gani nake duk ƙasar Tsafe ta yi mini kaɗan. Malam ya ce in ina son ƙari, sai na ƙetare. To, zuwa ina?

Rani guda na yi ina safa da marwa. Na taka har Gusau wurin wani bafatake da ya taɓa shiga Masar. Ya ce, "Can kowane ginshiƙin masallaci da malaminsa." Na dawo na ɗaure gafaka. Bayan kwana uku abokina ya kai ni Bungudu gun wani alhaji da ya zauna Madina, shi kuma ya ce Masar hayaniya ce kawai. Na kwance gafaka. Wani Buzu ya ambaci Tambutu a kasuwa, na yi mako ina juya ta. Ko tuwo aka ajiye mini, sai ya huce ina auna hanyoyi.

Ran nan mahaifiyata tana sussukar gero ta ce, "Kai ba karatu kaka biɗa ba, tahiya kaka so. Zaɓi guda mu huta."

Na ji haushi, don gaskiya ce. Na ce, "Masar, Inna." Ta tsaya da taɓarya a hannu, ta daɗe, sannan ta ci gaba.

Na bi ayarin maniyyata a ƙasa. Shekara biyu muna tafe muna tsayawa noma, Borno, Wadai, har Sudan. A wani ƙauye bakin Nilu zazzaɓi ya kayar da ni, ayari ya wuce. Aka kai ni gidan wani tsohon malami. Da na farfaɗo na gaishe shi da guntun Larabcina, ya ce, "Bar wahal da harshenka. Kai ɗan ina na?"

Na ce 'Yandoto.

Ya yi dariya har da hawaye. "Ni ɗan Nahuce na. Ni ma Masar na nufa."

Nahuce! Tafiyar kwana biyu daga ƙofar gidanmu. Ya buɗe littafin nahawun da nake taƙamar na sauke, ya yi mini tambaya uku, ko ɗaya ban amsa ba. Na ce zan zauna wata guda. Shekara shida na yi. Na dawo na iske mahaifiyata da rai, amma idanunta sun tafi. Da hannu ta shafa fuskata ta gane ni.

Yau in ɗalibi ya nemi shawarata, nakan ce ya fara bincikar wanda zai zauna gabansa kafin sunan gari ya ruɗe shi. Amma ba zan ɓoye ba, har yanzu in baƙo ya zo daga gabas sai na matsa kusa na tambaye shi nisan ƙauyen nan na bakin Nilu da Masar. Kowa cewa yake ƙiris ya rage mini. Ban taɓa jin daɗin amsar ba, kuma ban daina tambaya ba.