Taku-Huɗu

Yayana mai rubuta manhaja ne. Ni kuwa, tun da makaranta ta gaji da ni na gaji da ita, gilashin waya nake liƙa wa mutane a bakin titi. Shi yake riƙe da gidan: shi, matarsa, 'yarsu, da ni ɗan cin arziki.

A ofishinsu Taku-Huɗu ake ce masa, ga kuma dalili. A irin rubutunsu, layin da ke ƙarƙashin wani dole ya matsa ciki, kamar ƙane a gaban wansa. In ya kauce ko da gurbi ɗaya ne, manhaja ba za ta tashi ba. To tun da babur ya kayar da Yaya, yatsu biyu ne ke motsi a hannunsa na dama, su ma da ƙyar. Sai ya saita edita, wato inda yake rubutun, daidai da hannunsa: ya taɓa maɓallin tab, layi ya shiga gurbi huɗu, ya taɓa maɓallin gogewa sau ɗaya, huɗun su tafi tare. Ya yi shekara da shekaru a haka, ba wanda ya taɓa jiransa.

Sai aka kawo sabon oga, mai son komai ya zama bai ɗaya. Ya sa aka yi wa duk kwamfutocin saiti iri guda, aka kulle. Ranar na kai wa Yaya caja, da kunnena na ji.

"Ranka ya daɗe, a bar mini nawa saitin. Hannun nan ne."

"Malam, nan kamfani ne, ba asibiti ba. In na buɗe maka, gobe kowa zai zo da nasa ciwon."

Yanzu maɓallin nan gurbi ɗaya kawai yake gogewa. Amma hannu ba ya jin sanarwa: ya danna sau ɗaya ya wuce, yadda ya saba. A gida Yaya ya dinga ƙwanƙwasa teburi, huɗu-huɗu, yana koya wa yatsa, har ya kumbura.

"Yaya, kiɗa za ka koma? In nemo maka maroƙi?"

"Tashi ka ba ni wuri, shashasha."

Ranar da za a nuna wa wanda ya ba da aikin manhajarsa, ta ƙi tashi a gaban kowa. Aka bi layi-layi, aka samu guda ya tsaya a tsaka-tsaki, bai shiga ba bai fita ba. Na Yaya ne. Oga ya sallame shi, har da musabaha, a hannun da ke ciwo.

Da ya dawo gida ya faɗa mana, ni kuma bakina ba ya zama.

"Yaya, ashe ogan nan ya iya saitinka. Danna ɗaya, ka fita."

Matarsa ta watsa mini harara. Shi bai yi fushi ba. Ya dube ta, ya dubi yarinyar, ya dube ni.

"Ya iya kuwa," ya ce. "Ƙirga mu."